Akushin Inna Tumba

A Furfuri na tashi, Turawa ba su daɗe da shigowa Gusau ba. Da an yi sallar magariba sai mu kewaye Kaka, mahaifiyar Baba, a bakin murhu, tana kaɗi tana ba mu tatsuniya. In ka yi gyangyaɗi ka sha mazari a ka.

Akwai ciyayya tsakanin gidanmu da maƙwabciyarmu Inna Tumba, wata tsohuwa da ba ta da kowa. Kullum da yamma ni ke kai mata akushin tuwonmu, in dawo da nata. Shekarar da damina ta ƙi, Baba ya liƙe bakin rumbu, ya ce a daina kaiwa. Amma nata bai daina zuwa ba. Da kanta take dogara sanda ta kawo, tuwon dusa ɗan mitsitsi, mu kuwa mu lashe har muna ƙorafin yana shaƙe wuya.

Kaka ba ta iya yi wa maigida faɗa a gaban iyalinsa ba. Sai ran nan wajen tatsuniya ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, Baba yana bayan zana yana lazimi. Wai kurege da kurciya ne suke ciyayya. Da aka shiga fari, kurege ya toshe raminsa da laka, ya bar 'yar kafa. Kurciya ta ci gaba da ajiye masa ƙwayar gero, shi kuma ya zuro hannu ya ɗauke. Tana ramewa, tana ramewa, har wata rana iska ta ɗauke ta.

Na tambaya ko kurege ya yi kuka.

Kaka ta ce, "Ina hwa, ɗiyata. Leƙowa yay yi, yac ce, yau mi ya hana a kawo mini gerona?"

Ƙannena suka fashe da dariya. Ni dai kunya ta rufe ni, don ɗazu na suɗe akushin. Bayan zana kuwa ƙarar tasbaha ta tsaya.

Da safe Baba ya fasa rumbu. Da yamma aka ɗora mini akushi mai nauyi. Na tarar da Inna Tumba zaune, wuyanta duk jijiya. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo, sannan ta sunkuyar da kai.

"Ki ba Malam haƙuri," in ji ta. "Kwanakin ga dusa ni ka aiko muku. Kunyatai ni ka ji."

Yanzu na tsufa, na ga zaman mutane iri-iri, kuma sau da yawa haka nake gani: wanda aka yi wa rowa shi ke sunkuyar da kai. Saƙonta kuwa ban isar ba. Na tsaya gaban Baba, sai na juya na wuce, shi ma bai tambaye ni me ta ce ba.