Safar Rairayi

Shekarar da za mu yi jarrabawar birbe ta kammala ƙaramar sakandare a Tanut, tsallen igiya ne ya hana ni sukuni. Sauran darussa ba su dame ni ba, amma makin wasanni yana iya jan sakamakona ƙasa, ni kuwa ko igiya a ƙuguna take sai na kwashe ta da ƙafa.

Akwai wani ɗan Tarka a ajinmu, da can duk kanwar ja ce ni da shi. Kwatsam ya soma ƙetare igiyar da ta kai ƙirjinsa. Sai na sa masa ido. Kullum kafin layi ya zo kansa sai ya zagaya bayan aji, ya duƙa, ya kwance wani abu daga ƙafarsa ya cusa a jaka. Na ce a raina laya ce. Amma ita laya ɗaurawa ake yi, wa ya taɓa kwance ta kafin aiki?

Ran nan na bi shi a hankali, ya waiwayo ya gan ni.

"Malam na littafi, leƙen asiri kake yi? Zo ka gani, kada ido ya faɗo."

Tsohuwar safa ce cike da rairayi.

"Ba mushe malaminmu ya ce a duniyar wata mutum yana tsalle kamar fara ba, don can ba a jan shi ƙasa sosai? To ni wuni nake da nauyi. In na kwance, na hau wata ke nan."

Ban gamsu ba. Na ɗauka rairayin rufa ido ne, ainihin abin yana wani wuri. Duk da haka na cika safata, na riƙa yawo da ita ƙarƙashin wando.

Sai ranar jarrabawa na fara kwancewa kafin tsalle. Ƙafafuna suka zama kamar na aro. Kowane taku ya zarce inda na nufa, na iso gindin igiya ban shirya ba, na tashi da ƙafar da ba ita ba, na faɗi da igiyar a wuya. Gwaji na biyu ma haka.

Yana kakkaɓe mini baya ya ce, "Au, ba ka saba gudu bayan kwancewa ba? Na zaci ka sani."

Na dubi fuskarsa, ban iya karanta komai ba. Makin ya fito ƙasa ƙwarai, lissafi ne ya cece ni da ƙyar.