Jan Siminti a Ƙofar Iya Dela

Ku da kuke koyon gini a hannuna, in akwai ranar aikin da ba ta fita raina, to wata Juma'a ce a Djougou, daminar bara.

Alhaji Bawa, dillalin shanu, maƙwabcina a unguwar Titirou ta Parakou, shi ya same ni a wurin aiki ransa a ɓace. Mahaifiyarsa, Iya Dela, da ke zaune a Djougou, ta faɗi a ƙofar ɗakinta har kafaɗa ta goce. Ya ce, "Malam Isa, je ka gyara gidan. In ta sake faɗuwa, wallahi Parakou zan dawo da ita, ko tana kuka."

Iya kuwa tsohuwar ungozoma ce, rabin unguwar a hannunta aka haife su. Da na isa, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ɗana, yi duk abin da za ka yi, ni dai kada a raba ni da ɗakin nan."

A irin wannan aiki, hanyar tsoho ake bi: daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa wurin alwala da makewayi. Na fasa dokin ƙofa na daidaita shi da ƙasa. Na ɓamɓare karo, wato tayil mai santsin nan da Alhaji ya sa don burgewa, na zuba siminti mai kaushi. Na kafa ƙarfen riƙewa a jikin bango har wurin alwala, aka ƙara ƙwan lantarki. Na ce shi ke nan, an gama.

Ina haɗa kaya bayan an sauko daga masallaci, sai ga masu gaisuwa tuli, maza da mata. Kowa ya zo, sai ya tuɓe takalmi daidai bakin ƙofa don girmamawa. Aka kira la'asar, Iya ta fito da buta, ta ɗora ƙafa a kan silifas ɗin wani. Suuu! Ƙafa ta tafi, buta ta yi sama, mata suka sa salati. Sai ga Iya tsaye cak, ta damƙe ƙarfen nan nawa!

Wallahi daɗi kamar in yi tsalle. Na ga ɓarawon da idona: takalman baƙi ne! Na ce a hana tuɓewa a nan. Iya ta harare ni. "Mutum ya zo gaishe ni in koya masa inda zai ajiye takalmi? Allah ya sawwaƙe."

Na zauna na yi tunani. Mutanenmu ba umarni suke jira ba. Inda suka ga ƙasa ta koma kamar tsakar ɗaki, nan suke tuɓewa. Washegari na malala jan siminti daga ƙofar, na faɗaɗa shi har ya haɗe wurin alwala.

Juma'ar da ta zagayo Alhaji ya iso da mota, don labarin zamewar Iya ya kai masa, ya zo ɗaukar ta. Na tsaya gefe ina kallo. Yana kaiwa bakin jan simintin, yana waya ma, ya zame takalmansa ya shiga. Duk wanda ya biyo baya haka ya yi. Takalma suka jeru can nesa, hanyar Iya fes!

Da aka kira salla ta fito, ta bi ƙarfenta, ta yi alwala, ta dawo a tsanake. Ta dubi ɗanta ta ce, "Bawa, ka ci tuwo kafin ka koma. Ka gaida yaran."

Alhaji ya sunkuyar da kai yana goge ido. Shi kaɗai ya koma Parakou.

Don haka in an kira ku gidan tsoho, kada ku tsaya ga awon bango kawai. Ku samu kujera ku zauna, ku ga yadda masu ƙaunarsa suke shiga da fita.