Barmo Mai Shayar da Ƙarfe

Ranar da wuta ta kama Barmo ina tsaye a bakin zanata, don gidana yana kallon biro, wato ofishin da yake aiki. Ranar kasuwar Tanut ce, mata sun cika inuwar biron suna jiran mota. Sai ga shi daga alwala, ƙafa jiƙe ba takalmi, ya shiga ɗaki yana taƙama ya ɗora hannu kan akwatin rediyo. Ihun da ya yi, sai da jakin Dado mai ruwa ya tsinke igiya. Ya fito da baya da baya, ya zauna daram cikin ƙwaryar nonon wata Bafillatana, hula can gefe. Matar ta dube shi ta ce, "Baba, na sayarwa ne fa, ba na zama ba."

Barmo mutumin Gangara ne. Da yana da shanu, farin shekarun saba'in ya share su, ya shigo mana gari da akuya ɗaya da girman kai na mai garke. Wani biro na taimakon makiyaya ya ɗauke shi shara. Da aka kawo rediyon magana da Damagaram, aka ce ya riƙa kula da ɗakin. Shi ke nan muka shiga uku. Ka gaishe shi, sai ya ce maka "alo". Matarsa Sakinatu ma alo yake ce mata.

Akwatin nan ƙarfe ne dogo, tsayin mutum, hawa-hawa. Sidi, mai gyaran da ya zo daga Damagaram, shi ya kafa shi. Ya ɗaure shi da bango, ya jera na'urori masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, don kada ya kife kan wani. Sannan ya ja wayar jan ƙarfe ta cikin bango zuwa waje, ya ɗaura ta jikin wani turken ƙarfe da ya kafa a rami, ya cika ramin da gawayi da gishiri. A gabana ya ce wa Barmo, "Wutar da ta ɓace hanya, nan take bi ta shige ƙasa. In wayar ta yanke ko ƙasar ta bushe, kai za ta bi. Ka riƙa zuba ruwa."

Gishiri a ƙasa, a nan Damargu, ƙasar raƙuma! Ko yaron goye ya san abin da zai biyo baya, balle wanda yake cika mana kunne da labarin shanunsa. Raƙuman Buzaye suka shinshino, suka lashe, suka tone, suka tsinke wayar. Gwanin namu ya fito ya ga waya mai kyau a yashe, ya ce ba za ta lalace a banza ba, ya kwashe ya ɗaure akuyarsa da ita. Bayan kwana kaɗan wuta ta zaunar da shi cikin nono.

Sidi ya zo ransa a ɓace. Ya sake waya, ya sake gishiri, ya ce, "Malam Barmo, in na dawo na auna na samu ƙasar nan a bushe, ko wayar ta motsa, ko tsintsiya ba za ka ƙara riƙewa a nan ba." A shekarar ne kuma ruwa ya ƙi, gonaki suka ƙone. Barmo ba gona, ba saniya, ga yara cike da gida. In aikin ya tafi, tukunya ta kife.

Daga nan mutumin ya haukace mana. Ya kewaye turken da ƙaya kamar kabarin waliyyi. Mata na wuni a bakin rijiya kafin su samu tulu guda, shi kuwa kullum safe sai ya fito da buta ya tsuguna yana ba ƙarfe ruwa. Ta cikin zana ina jin Sakinatu: "Malam, yara sun yi fari fat ba wanka, kai kana shayar da turke! Shi zai yi maka jana'iza?" Shi kuma ya ce, "Alo, ba ni ruwan wanke-wanken." Ya bi raƙumin wani Buzu da sanda har aka kusa zare takobi. Tunkiyata da ba ta san komai ba, leƙe kawai ta yi, ya jefe ta da dutse. Har ta mutu da ɗingishi take tafiya, ni kuwa ban yafe ba.

Sidi ya dawo da wani ɗan agogonsa mai wayoyi, ya tsuguna ya auna, ya tashi ya karkaɗe gwiwa ya ce ƙasa ta yi. Barmo ya ci gaba da aikinsa, ya ƙara kumbura.

Da yamma muna zaune a majalisa ya zo wucewa da butarsa. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Barmo mai nono, ina labarin shuka? Ƙarfen ya fara tofo, ko sai baɗi?"

Ya tsaya, ya dube ni tun daga ƙafa har kai, ya ce, "Maƙwabci, ƙarfen da nake ba ruwa har Damagaram ake jin maganarsa. Kai tun haihuwa ake ɗura maka ruwa, maganarka ba ta taɓa wuce bakin zana ba."