Akuyar da Ta Shayar da Sale

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar marka, daminar da na fara ganin Bature bisa doki ya ratsa Barkiya. Kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Da hantsi na kai wa akuyarmu Ja ciyawa, na tarar da ita durƙushe cikin taɓo, gashinta a tsaye, tana kyarma, kunnuwanta sanyi ƙalau. Ko shinshina ciyawar ba ta yi ba.

Innarmu ta rasu wata biyu da haihuwar ƙanena Sale, nonon Ja ne ya riƙe shi. Ni ce kuma na bar ta a waje. Na ga da damina kowa a turke yake ɗaure dabbarsa saboda gonaki, ban san ruwan sama na kashe akuya ba. Na ruga wurin kakarmu Iya ina kuka. Matar da ke faɗa ko a kan tsintsiya sai kawai ta miƙe ta biyo ni wurin Ja.

Muka kinkimo Ja zuwa ɗakin girki, ina ta cusa itace a murhu. Iya ta ce, "Ke ɗiyar nan, wuta fata kaɗai taka gasawa. Sanyin dabba ta ciki aka korar shi." Ta kwaɓa dusa da ruwan ɗumi, ta jefa 'yar kanwa, ta marmasa tunkuzar gyaɗa a kai. Ja ta kau da kai. Sai Iya ta ɗauko geron tuwonmu na ranar, ta dama kunu. Ina ɗura mata da ludayi, Sale a bayana yana kuka har muryarsa ta dishe.

"In ta yi tuƙa, ta tashi," in ji Iya. Na zuba wa muƙamuƙinta ido har la'asar, ina tsoron ko ƙiftawa. Da ya motsa, na fashe da sabon kuka. Ranar mu ba mu ci tuwo ba, amma Sale ya sha.

Yanzu a Dutsin-Ma jikokina madarar gwangwani suke dama wa jarirai, Sale kuwa gemu ya yi fari fat, bai ma tuna Ja ba. Ni dai har yau, in ruwa ya kwana biyu yana zuba, loma ba ta wuce mini sai na leƙa awaki.