Ranar da Na Fita Sayen Maganin "Purga"

Shekarun baya, farkon zuwana Rasha karatun aikin gona, matar da ke kula da ɗakunan kwananmu ta bi mu ƙofa-ƙofa tana cewa, "Gobe purga! Kowa ya kula!"

Lokacin Rashancina bai wuce na gaisuwa ba. Da na ji kalmar sai hankalina ya koma gida, inda ma'aikatan asibiti ke kiran gudawa "purging". Ni kuwa ɗan Haɗeja ne, na san abin da amai da gudawa ke yi wa mutane bayan kogi ya yi ambaliya. Na ce a raina ba za ta same ni a zaune ba. Na tafasa ruwa, na tanadi gishiri da sukari, da gari ya waye na kama hanyar kantin magani.

Ban yi nisa ba iska ta taso da dusar ƙanƙara. Sama fari, ƙasa fari, ko tafin hannuna ba na gani. Na rungume wani turken fitila ina salati, yatsuna sun daina ji. Wani abokina, ɗan ƙasar, shi ya biyo sahuna ya ja ni zuwa ɗakin kwananmu.

"Ba ka ji an ce purga ba?"

"Maganinta na fita saye."

Ya yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba. A ranar na ƙudura ba wata kalma da za ta sake jefa ni cikin halaka. Na tare a ɗakin karatu, na bi asalin kalmomin biyu. Ashe purga guguwar dusar ƙanƙara ce, daga harsunan mutanen arewacin Turai dangin Finlan aka aro ta. Ta Turancin kuwa daga Latin take, ma'anarta tsarkakewa. Ko dangin nesa ba su haɗa ba, kama ce kawai.

Da na ba mahaifiyata labari a waya, ta ce, "Dusar ƙanƙara kuma? Wa ya surfa ta?"

Ashe tamu kalmar ma ban taɓa tambayar inda ta fito ba.

Yanzu da nake aiki da manoman shinkafa a Auyo, in dattijo ya faɗi sunan wata ciyawa ko wani ruwa da ban sani ba, ba na gyaɗa kai don kunya. Nakan kashe babur in ce, "Baba, maimaita mini."