Mugun Shekara a Rumfar Mai Bidiyo

Kwanan baya jikata ta zo min da waya tana ta rawar kai, wai masu sharhin fim na intanet sun fitar da gwanayen shekara. Na ce su wane ne su? Ta ce wasu ne dai, kowa yana ɗakinsa, su kalli fim su rubuta ra'ayinsu, in shekara ta ƙare su jefa ƙuri'a. Na ce to wa ya naɗa su? Ta hau duba waya. Na ce 'yar nan kar ki wahalar da kanki, na san irinsu. Mu ma a Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarabawa, mun yi namu alƙalan tun uwarki tana goye, kuma su ma su suka naɗa kansu.

Gidan aurena katanga ɗaya ce ta raba shi da shagon mai bidiyo. Tagar kicin ɗina tana kallon rumfar kwanon da ke bayan shagon, inda majalisarsu take. Ni ba fita nake ba, sana'ata a gida nake yi, cincin da dubulan da zoɓo. Saboda haka duk abin da aka faɗa a rumfar nan tun shekarun tamanin, a kunnena aka faɗe shi, ina tsaye a kan kasko.

Babbansu shi ne wanda suke kira Ciyaman. Ya taɓa yin aikin yaga tikiti a ƙofar wata silima wajen Mokola, shi ke nan ya zama malamin fim har abada. Yana da'awar jin Indiyanci. Yau a sa kaset ya ce yarinyar cewa take ubanta ya rasu, jibi a sake sa kaset ɗin nan dai, a daidai wurin, ya ce ruwan sha take nema, kuma babu mai ce masa kanzil. Mai bi masa wani mai kemis ne, wanda da an fara fim yake gyangyaɗi, sai ƙarar faɗan ƙarshe ta tashe shi, amma ranar ƙuri'a muryarsa ta fi ta kowa. Sauran ba su cancanci a ɓata yawu a kansu ba.

Duk ƙarshen Disamba, lokacin da maƙwabtanmu Yarabawa ke shagalin sabuwar shekara, sai su yi hayar kujeru, a share rumfa, bayan la'asar a zauna rabon kyauta. Akwai Gwanin Faɗa, akwai Gwanar Kuka, akwai Mutuwar Shekara, wato wanda ya fi kowa daɗewa yana shure-shure kafin ransa ya fita, sannan babbar kyauta, Mugun Shekara. Fim ɗin shekara a wurinsu shi ne duk kaset ɗin da ya iso shagon a shekarar, ko da ɗan wasan ya daɗe da zama ƙasa. Kyautar kuwa farantin dubulan ne da kwalbar zoɓo, daga kicin ɗina. Tun da Ba'indiye ba zai taso daga garinsu ya zo Sabo karɓar dubulan ba, sai alƙalin da ya tsayar da shi ya miƙe a madadinsa, ya rusuna, ya yi jawabin godiya a bakinsa, ya koma kujera ya cinye. Shekara da shekaru ina ciyar da Indiyawa da 'yan Chana, ba wanda ya taɓa aiko min da sannu, Ciyaman kuwa sai tumbi yake ajiyewa.

A lokacin dariya kawai nake. Zaman kashe wando ne, amma wandonsu ne, ba nawa ba.

Ina da ƙane, autanmu, wanda ya taso a hannuna bayan rasuwar mahaifiyarmu. Dillalin goro ne a gidan wani Alhaji, ubangidansa tun yana saurayi. Wanda bai san Sabo ba ba zai gane nauyin wannan aiki ba. Fatake sukan zo daga Arewa su sauka a gidan Alhaji, dillali ya shiga ƙauyukan Yarabawa ya sayo musu goro, ya zaɓe shi, ya jera shi cikin ganye, ya ɗaure huhu. Mai kaya ba zai kwance huhun nan ba sai ya isa Kano ko Sakkwato. Abin da ke ƙasan huhu, daga Allah sai dillali. Babu takarda, babu sa hannu, amana ce tsagwaronta, kuma ita kaɗai ce jarin Auta. Ko keke ba shi da shi.

A tsakiyar shekarun casa'in kasakasan wasan Hausa suka fara zuwa mana daga Kano, sai samarin unguwa suka ce mu ma me muka rasa? Suka aro kyamara wurin wani Bayarabe mai ɗaukar biki, suka ɗauki nasu a lungunan Sabo da tashar Ojoo da wata gona a Akinyele. Labarin wani macucin dillali ne mai jera ƙananan goro masu sankara a ƙasan huhu, ya rufe da marsa, manyan goro, a sama, har asirinsa ya tonu. Cikinsu babu wanda ya iya ɗaurin huhu sai Auta, shi ya sa aka ba shi ya fito a macucin.

Da ya zo ya gaya min na ajiye matsami na dube shi. Na ce, "Auta, a Sabo? Da fuskarka?"

Ya ce, "Haba Yaya, wasa ne fa, kowa ya sani. Shebi a ƙarshe ma kama ni ake yi, a yi min dukan tsiya? Wa'azi ne jare."

Fim ɗin dai, in faɗi gaskiya, ba abin a zo a gani ba ne. Ƙarar janareta ta fi maganar 'yan wasa fitowa, akuya ta ratsa ta tsakiyar wurin makoki, ɗan sandan fim ɗin silifas ne a ƙafarsa. Wuri ɗaya ne ya yi kyau, inda Auta ya duƙa shi kaɗai a sito yana shirya huhun algus. Ba ya magana, hannunsa ne kawai ke aiki, ya waiga, ya ci gaba. Ni kaina da muka kalla da matan gida sai da tsigar jikina ta tashi, ga shi kuwa ni na yi masa wanka yana jariri.

Da Disamba ta zo alƙalai suka ga banza ta faɗi. Karo na farko a tarihinsu ga ɗan wasa mai rai, mai ƙafa, wanda zai iya takowa ya karɓi kyauta da hannunsa. Kai ya kumbura. Suka ƙaro kujeru, suka fito da talabijin waje, suka aika gayyata gidajen manya. Har gidan Alhaji suka je, suka gayyato fataken da suka sauka a lokacin, aka ba su kujerun gaba saboda baƙi ne. Mutanen nan dattawa ne, wasunsu ba su taɓa zama gaban bidiyo ba, kuma a ranar huhunansu suna sito a ɗaure, ɗaurin Auta, suna jiran mota.

Aka ba wani ɗan Chana Gwanin Faɗa, mai kemis ya miƙe ya cinye. Aka ba wata Ba'indiya Gwanar Kuka. Sannan Ciyaman ya gyara babbar riga ya ce a sa kaset. Ba daga farko aka sa ba, ba a kuma kai ƙarshen da aka kama macucin ba. Wurin sito kaɗai aka nuna. Da ya ƙare ya ce a mayar. Aka mayar. Ya ɗauki sanda yana nuna gilashin talabijin kamar malamin firamare.

"Jama'a, ku dubi hannun nan," in ji shi. "Mu mun kalli mugayen Indiya, mun kalli na Amurka, duk koyo suka yi. Wannan orijinal ne. Wallahi wannan hannun ba yau ya fara ba! Ba a koya wa mutum irin wannan, a jini yake. Hali zanen dutse. Yabon gwani ya zama dole!"

Rumfa ta kaure da tafi da fito. Shi a ganinsa yabo ya yi, yabon da ya fi kowane, irin wanda ya saba yi wa mutanen da ba za su taɓa jin sa ba. Auta ya taso cikin farin kaftani, bakinsa har kunne, ya rusuna ya karɓi farantina. Ni ina taga, ba shi nake kallo ba, kujerun gaba nake kallo. Cikin fataken babu wanda ya tafa. Wani tsoho mai farin gemu ya ɗan sunkuyo yana bin hannun Auta da ido, har Auta ya koma ya zauna.

Magana zarar bunu ce. Washegari fataken suka ce a kwance musu huhunansu, a gaban Auta, har ƙasa. Aka kwance, aka zazzage a tabarma, goro lafiyayye tun daga sama har gindi. Kana tsammanin shi ke nan? Sai suka ce ai ya san za a duba ne. Labari ya bi motocin goro ya tafi Arewa, ya dawo ya fi yadda ya tafi girma: wai an kama wani dillali a Sabo da kyamara yana algus, har an nuna wa jama'a a bainar nasi. In ka ce wasa ne, a ce in ba ƙira me ya ci gawayi? Matan ƙauye masu sayar masa da goro suka riƙa yi masa kirarin "ole" suna dariya, ɓarawo ke nan da Yarabanci. Yara kuwa ko'ina ya gifta, "Mugun Shekara! Mugun Shekara!" Baƙi suna sauka a gidan Alhaji, kowa ya ce a ba shi wani dillalin.

Alhaji mutumin kirki ne, ya ja lokaci yana kare shi. Ranar da ya kira shi, Auta ya zo min daga can bai ko zauna ba. Ya ce ya nemi a kawo Alƙur'ani ya dafa, Alhaji ya riƙe hannunsa ya ce, "Ɗana, ban ce ka yi ba, ni na san ka. Amma ba ni zan kwance huhu a Sakkwato ba. Mutum ya tafi da kaya zuciyarsa tana ɗar-ɗar, baɗi ba zai sauka a gidana ba." Ya ce zai haɗa shi da wani ɗan'uwansa mai sayar da hatsi a can Arewa, inda ba a san fuskarsa ba.

Ban taɓa yi wa namijin da ba muharramina ba magana ta taga ba sai ranar. Na ja mayafi na ɗaga murya na ce, "Malam Ciyaman, don Allah ku tara mutanen nan kamar yadda kuka tara su, ku sa ƙarshen fim ɗin, ku ce wasa ne, ku ce ba ku taɓa ganin yaron nan ya cuci kowa ba. Abincinsa ne ke tafiya."

Ya ajiye kofin shayi, ya gyara zama. "Hajiya, hukuncin alƙalai ba ya tashi. Ko a Indiya haka dokar take." Ya juya ga mutanensa, fuskarsa tana ƙyalli. "Kun ji ko? Har Sakkwato ana maganar kyautarmu. Da ana cewa wasan yara muke, abi? Yanzu an san tana da nauyi."

Na tsani mutumin nan a ranar, kuma har yau da ƙasa ta rufe masa ido ban ce na fasa ba, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ba mugu ba ne, da mugu ne ma da da sauƙi. Wawa ne da ya samu kujera. Na daina yi musu dubulan, suka koma saye wurin wata a layin baya, shekara ta zagayo suka ba wani Ba'indiye Mugun Shekara, mai kemis ya cinye.

Da izinin baban yara na raka Auta Ojoo da hantsi. Jaka ɗaya ce da shi, da ƙullin cincin da na yi masa. Ya sa hula ya ja ta har gira. Ya samu wuri a bakin taga, kusa da wata dattijuwa Bahaushiya da za ta Zariya ganin jikoki. Ina tsaye a ƙasa ina masa nasihar da ba ya ji, sai matar ta ƙura masa ido, can ta tafa hannu.

"La ilaha! Ba kai ne na cikin kaset ɗin nan ba? Ɗan nan, ka iya! Wallahi mun kalla a gidan 'yata, har kuka na yi. Allah Ya yi maka albarka, Ya ƙara basira."

Ya ce amin Baba, na gode. Na ga fuskarsa ta ɗan saki, karo na farko tun Disamba, har ya tura hular baya kaɗan. Matar tana ta murmushi, tana ta sa albarka, ta kai hannu ta ɗauke jakarta daga tsakaninsu ta ɗora a cinya, ta rungume ta da hannu biyu.

Ya gani, ya kuma san na gani. Ya ce, "Yaya, ki koma gida, rana tana yi." Ya cusa hannuwansa tsakanin gwiwoyinsa, a haka suke har motar ta tashi.