Ranar da Na Dasa Anza a Ramin Bedi

Har yau in na hango farar mota mai rubutu a jikin ƙofa ta sako kai garinmu, sai in tashi in shige gida. Na tsufa, ba wanda yake bina da wata tambaya, amma jiki bai manta ba. Abin ya samo asali ne tun babban fari na biyu, wanda ya biyo na farko da kamar shekara goma. Lokacin ina da aure, da 'ya ɗaya da ba a yaye ba.

Garinmu ƙauye ne tsakanin Agiye da Gazawa, in ka bar titi ka yi arewa. Damina ta ƙi, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, rumbuna suka zama wurin kwanan kaji. Ana cikin haka aka kawo mana furoje, wato aikin taimako da kuɗin ƙasashen Nasara. Sharaɗin ɗaya ne: mu dasa bedi, wato dogon yaro, a filin da ke gabas da gari don ya tare iska da rairayi, su kuma su ba mu hatsi. Duk wata kamiyo, babbar motar kaya, yakan zo da buhunan jar dawa, a auna wa kowane magidanci da tiya. Dawa ce mai wuyar daka, tuwonta ba daɗi, amma ita ta hana mu watsewa. Ita matata take ci ta samu nonon da za ta ba 'yarmu.

Da yake na ɗan taɓa lakol, wato makarantar boko, ni aka ɗora a kan itatuwan. Aka ba ni littafi da biro, duk ƙarshen wata in zaga in rubuta waɗanda suke da rai, in aika buro, ofishin furojen, a Agiye. Na ji kaina ya yi girma, har tafiyata ta sake.

Sai rijiya ta ja baya. Mace ta yini a bakin rijiya ta samo tulu ɗaya, ka ce mata ta je ta zuba wa itace? Ni ban iya faɗa ba, ko ga matata. Bedi ya fara mutuwa layi-layi. A watan farko da na rubuta cewa suna nan da rai, sai da na yi jinkiri. A wata na biyu ban yi ba.

Tsakiyar bazara saƙo ya zo daga buro. Masu kuɗin sun turo baƙi su duba aiki da idonsu, ranar Alhamis za su iso mu. Inda itace ya rayu a ci gaba da kai hatsi, inda bai rayu ba a janye. Na karanta takardar a zauren mai gari.

Mai gari ya dube ni ya ce, “Kai ɗan lakol, itace nawa ke da rai?”

Na ce, “Ranka shi daɗe, babu ko guda.”

“To, kai mi kake rubuta musu?”

Na sunkuyar da kai. A zuciyata na riga na ga jandarma sun sa ni a bayan mota, na ga kamiyon dawa ya wuce mu ya nufi wani gari, kuma duk a ce ni na ja.

Wani dattijo da ya yi zaman birni ne ya kawo dabara. Ya ce Nasara kore kawai yake gani, bai san wannan ganye daga wancan ba. Kowane rami kuma mun kewaye shi da ƙaya da kara saboda awaki, mai leƙawa ba ya ganin gindi. A samo ɗanyen reshe a soke a kowane rami, a yayyafa ruwa, baƙi su leƙa su wuce. Bedin da ke cikin gari ba zai yi ba, domin ganyensa da an yanke yake laushi. Sai a samu ganye mai tauri, wanda zai kwana a tsaye. Ba wanda ya ambaci suna, amma duk idanu suka dawo kaina, saboda kowa ya san inda irin wannan ganye yake.

A wancan zamani, manomin kirki shi ne wanda ya yi sassabe ya share gonarsa fes, ya tara ya ƙone, ba ka ganin ko tsiro. Babana ne kaɗai ya ƙi. Tun farin farko ya bar anza ta yi kurmi a gefen gonarsa, ya hana gatari ya taɓa ta. Anza ƙaramin itace ne da ba ya bushewa ko ana wutar rani, 'ya'yansa kuma ɗaci gare su kamar maɗaci, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin su ciwu. Abincin yunwa ne. Mutane suna yi wa babana ba'a, suna ce wa gonarsa gonar raggo, ni kaina kunyar abin nake ji. Shi dai sai ya ce da ita ya raine mu wancan karon. A shekarar nan an riga an tsince ta daji kakaf tun ba ta nuna ba, saura tasa da yake gadi kullum, 'ya'yanta sun fito cunkus, sauran 'yan makonni su nuna.

Ranar Laraba babana ya tafi wani ƙauye ta'aziyya. Ban tambaye shi ba, don na san amsar. Na ɗauki adda, mu huɗu muka shiga gonar. Ramukan da yawa, sai da muka bi kurmin nan kaf muna yanke kawunan rassa, inda ganye ya fi kyau, inda kuma 'ya'yan suke. Don kada baƙi su ga 'ya'ya a jikin ƙaramin dashe, da hannuna na riƙa tsige su ɗanyu ina zubarwa a rairayi. Ina yi ina waige-waige kamar ɓarawo, kuma ɓarawon ne.

Da babana ya dawo da la'asar, sai ya bi ta gona. Ya yi alwala, ya yi salla, ya zauna ya juya mini baya. Na fi son a ce duka ya kai mini.

Alhamis da hantsi farar mota ta iso. Wani Bature ne dogo, fuskarsa ta yi ja saboda rana, da takardu a hannu. Da na gan shi sai na ɗan samu numfashi, don daga gani mutumin buro ne, ba na daji ba. Amma sai ƙofar baya ta buɗe, wani ma'aikacin gandun daji ya sauko da kakinsa, baƙar fata kamarmu, ya gaida mai gari da Hausar Gobirawa, irin ta wajen Gidan Rumji. Duk shawarar da muka yi a zaure, ba wanda ya tuna cewa Nasara ba ya tafiya shi kaɗai.

Muka shiga fili. Bature yana leƙa rami yana sa alama, gumi na zuba masa. Ni ina biye da littafi. A rami na uku ma'aikacin ya tsaya. Ya zura hannu ta cikin ƙaya, ya murza ganye, ya shinshina. Ya ɗan ja reshen sama kaɗan, ya ji ba saiwa, ya mai da shi a hankali. Sannan ya matso kusa da ni, yana kallon wani wuri dabam, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

“Ƙanena, tun yaushe bedi ya koma ganyen anza?”

Na kira shi yadda muke kiran ma'aikata da Faransanci, na ce, “Mushe, don Allah ka rufa mini asiri. Ɗiya gare ni a goye.”

Muka wuce rami biyu. Jira nake ya ɗaga murya ya kira Baturen da Faransanci.

Sai ya ce, “Ina kunka samo ta da yawa haka?”

“Gonar babana.”

“Da ɗiya a jikinta?”

Na ce e.

Ya dube ni a karon farko. Ba fushi na gani a idonsa ba, wani abu ne da ya fi fushi ba ni tsoro. Ya ce, “Kai, wanga aiki bai yi ba. Da ka bari sun iske ramu wayam, da ya fi.”

Bai tona mu ba. Ya ce wa Baturen rana ta yi zafi, akwai sauran garuruwa a gaba. Bature ya yi layi biyu ya ɗauki hoto, ya ba ni hannu yana murmushi, ya ce aikinmu ya yi kyau. Da motar ta ɓace mutane suka kewaye ni suna sa mini albarka, dattijon nan yana ta bugun ƙirji. Ni ma na yi dariya, na ɗauka mun tsira.

Kamiyo ya zo sau ɗaya bayan haka. Wata na gaba muka jira a bakin hanya da buhuna da ƙwarya, bai zo ba. Na taka har Agiye, wani a buro ya gaya mini an rufe furojen gaba ɗaya. Ba don garinmu ba, mu ma an yabe mu a takarda. A sauran wurare ne baƙin suka tarar da ramuka babu komai, masu kuɗin suka ce dashen bedi bai karɓi ƙasar ba. Sai a hanyar dawowa na gane abin da ma'aikacin nan yake nufi. Ya riga ya ga sauran garuruwan, ya san inda maganar za ta ƙare.

Lokacin ne daidai anza take nuna. Matata da innata suka riƙa fita da sassafe suna nisa cikin daji, su dawo da abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. Nonon matata ya janye. 'Yarmu ta daina kuka mai ƙarfi, sai wani ɗan sauti siriri, kuma duk safiya da tsoro nake ɗaga zanen da aka rufe ta da shi. Ba ta ga saukar damina ba.

Ban ce anzar babana za ta riƙe ta ba. Rai na Allah ne, kuma gidajen da ba su sare komai ba su ma sun yi rashi. Haka malamai suka gaya mini, haka nake gaya wa kaina shekara da shekaru.

Bayan kwana bakwai da rasuwarta babana ya ce in ɗauko fartanya in bi shi gona. Muka tsaya a bakin kurmin. Busassun 'ya'yan da na tsige suna nan warwatse a rairayi, sun yanƙwane sun yi baƙi. Ya duƙa da ƙyar ya tsinci guda, ya juya shi a tafin hannunsa.

Ya ce, “Sati ukku ya rage mata ta nuna.”

Ya kama hannuna ya sa mini shi a ciki, ya wuce ya fara shara.